Bencin Ƙarshe

Yana durƙushe, ana shirin ɗora masa hannu ya zama dattijon ikilisiya a Samaru, sai fasto ya tuna wa jama'a cewa wanda bai iya riƙe gidansa ba, ba zai iya riƙe jama'ar Allah ba.

Sai mutumin ya miƙe. "Ku gafarce ni, ban cancanta ba. Ɗana yana can Sabon Gari, giya ta cinye shi."

Jama'a suka jinjina wa gaskiyarsa.

Matarsa ce kaɗai ta waiwaya. Ga ɗan nasu a bencin ƙarshe, ya yi aski, sanye da wankakkiyar riga. Tun Ista bai sha ba, ya zo ne ya faranta wa babansa rai.

Kafin ta isa wurinsa, ya fice.