Tukunyar da Ba a Bari Ta Huce

Shekara tara Barau yana gadin tukunyar lantarkin unguwarsu, yana hura mata wuta dare da rana don tururinta ya ba su lantarki. Mai araha suka saya, wadda in ta huce sau ɗaya sai cikinta ya tsage, sabuwa kuwa ta fi ƙarfinsu.

Da hantsi mai unguwa ya leƙo.

"Ranka ya daɗe, 'yata ta haihu a Gusau," in ji Barau. "Hutun kwana biyu nake roƙo."

Mai unguwa ya share gumi. "Wa zai zauna, Barau? Ba mu da kuɗin mutum biyu, ga asibiti ya dogara da lantarkinta."

Barau ya dubi hannuwansa da zafi ya cinye wa gashi.

"To, in jaririn ya yi ƙwari a kawo shi. Su tsaya daga nesa, zan hango shi."