Ɓarawon da Ya Hau Rumbu Ranar Husufi

Kai da kake cewa ai ba wanda zai gani, gyara zama in ba ka misali. An yi wani mutum a wani ƙauye, da rana tabarma yake saƙa a ƙofar gida, kowa ya wuce sai ya ce sannu Baba. Da dare kuwa babu rumbun da bai san cikinsa ba. Tun yana saurayi har furfura ta fito ba a taɓa ganin ko ƙeyarsa ba, don doka ɗaya ya riƙe: ba ya fita sai ƙarshen wata, daren da farin wata ya ɓace, duhu ya yi baƙi ƙirin. Ina watan ke zuwa a waɗannan darare? Oho, bai taɓa tambaya ba. Rumbu ɗaya ne ya gagare shi, na wata tsohuwa maƙwabciyarsa, wadda tari ya hana ta barcin dare, kullum tana zaune a tsakar gida idonta biyu.

Ran nan da hantsi yana cikin saƙa sai ya ga hasken gari ya koma kamar ruwan toka. Babu hadari, babu hayaƙi. Ya dubi gindin bishiyar bedi, ɗige-ɗigen hasken da ke ratsa ganye duk sun lanƙwashe kamar an zubar da yankan farce. Wata iska mai sanyi ta taso daga inda ba a sani ba. Tsuntsaye suka yi tsit, kaji suka bi layi zuwa akurki, karnuka suka kama wani kuka siriri irin na gidan mutuwa. Ya ɗaga kai, sai ga rana ta zama baƙin rami da farin zobe kewaye da shi, ga tauraro tsakar rana. Maza suka ruga masallaci suna salati, mata da yara suka fito da tasoshi da gwangwanaye suna bugu, wai wata ya saki rana. Shi ma ya ce ko tashin duniya ne. Amma hali zanen dutse. Zuciyarsa ta ce masa: ga dare an kawo maka har gida, kuma daren da tsohuwa ba ta shirya masa ba. Ya tsallake danga, ya jingina tsani, ya hau, ya ɗaga jinkar rumbun, ya zura hannu har kafaɗa cikin gero.

Abin da bai sani ba, wanda ko ni da na gudu daga makaranta na haddace, shi ne wannan ba dare ba ne. Watan da yake murnar ɓatansa ba ɓata yake yi ba, tare da rana yake tafiya, haskenta ya ɓoye shi. Galibi ya bi ta samanta ko ta ƙasanta ya wuce salin alin. Ran nan sai ya gifta daidai tsakaninta da ƙasa, inuwarsa ta faɗo kan ƙauyen. Inuwar matafiyi kuwa ba ta zama.

Tsohuwa ba ta je ko'ina ba. Tana durƙushe a bayan turmi, ta ajiye ƙwaryar ruwa a gabanta tana kallon rana a ciki, yadda mutanen dauri ke yi. Gefen zoben ya tsage, haske ya tsillo, sai ta ga a cikin ruwan, kusa da rana, wani baƙin mutum tsugune a kan rumbunta da damin gero a hammata. Ko kai ba ta ɗaga ba.

“Sannu da aiki, maƙwabci,” in ji ta. “Sauko a hankali, tsanin ya tsufa.”

Ya waiga. Rumbun ya fi danga tsawo, unguwa kuma kaf kanta na sama. Bugun tasoshi ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ba a jin komai sai zakara da ya ɗauka asuba ce. A cikin wannan shirun ya sauko, idon kowa a kansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.