Tambaya Uku Bayan Tiyata

Tun da aka sauya maganin barcin tiyata, an daina mutuwa a gadon aiki. Sai dai masu bincike sun gano cewa wasu kan farka sun baro wani abu a cikin barcin. Shi ya sa doka ta ce ɗan'uwa ya yi wa majinyaci tambaya uku da zarar ya buɗe ido. Wanda ya kuskure ɗaya, sashen bincike ake wucewa da shi, kuma can ba a faɗin ranar sallama.

Da hantsi Tasalla ta tsaya a kan mahaifinta, Malam Barau, wanda aka yi wa aikin gwaiwa. Nas na gefe riƙe da biro.

"Baba, wace ce ni?"

"Tasalla mana."

"Mece ce sana'arka?"

"Rini, tun kakanni."

"Ina Inna take?"

Ya yi murmushin da rabonta da ganinsa tun ranar da aka binne Inna, shekara huɗu ke nan.

"Tana gida. Ki ce ta dama mini kunu, kar ta cika tsamiya."

Nas ta ɗago kai. "Daidai ne?"

Tasalla ta dubi ƙofar sashen binciken, ta dubi tsohon yana laluben hularsa.

"Daidai ne," ta ce.

Nas ta sa hannu a takarda. Malam Barau ya yunƙura.

"To, mu hanzarta, kar ta gaji da jira."