Baƙuwar Kabarin Lyon

Jirgin ƙasan da ya taso daga Lyon ba ya tsayawa sai Paris. Mardiya na zaune gefen taga, Farfesa Roussel, mai duba bincikenta na digirin dakta, ta tare ta ta wajen hanya.

Haƙori ɗaya suka ciro daga kabarin waɗanda annoba ta kashe zamanin daular Rum, annobar da ta cinye sojoji ta bar gonaki ba manoma. Gwajin ƙwayar halitta ya nuna mai haƙorin mace ce 'yar Sahel, yankin su Mardiya. Yau za su sanar wa 'yan jarida. Digirin Mardiya da takardar zamanta a Faransa duk sun rataya a kan haƙorin nan.

"Wa ya sani," in ji Farfesa, "ƙila kakarki ce!"

Waya ta yi ƙara. Inna ce daga Damagaram.

"Mardiya, har yanzu ƙasusuwan masu annobar kike jagwalgwalawa? Rayayyu sun ƙare ne a Faransa?"

"Aikina ke nan, Inna."

"To, kin dai yi abin da na gaya miki? Kin tofa addu'a kafin ki taɓa?"

"Na tofa, In..."

Sai Mardiya ta tuna ranar da ta janye takunkumin bakinta a ɗakin gwaji, ta yi tofi sau uku a kan haƙorin. Yawunta aka gwada. 'Yar Sahel ɗin ita ce.

"Ça va? Lafiya dai?" Farfesa ta tambaya tana murmushi. "Saura minti ashirin mu isa."