Aikin Manyan Turaku

A zamanin da ma'aikatan jinya ke sa farar hula mai sitaci, Dogo mai gyaran wayar lantarki ya sami budurwarsa Sista a barandar asibiti.

"An zaɓe ni aikin hawa manyan turakun lantarki," ya ce da fara'a. "Yanzu na isa in turo magabatana gidanku."

Ta zuba wa hannuwansa ido. Da safen nan ta wanke wa abokin aikinsa dungulmin hannun da wutar lantarki ta cinye.

"Ba sun ce akwai gurbi a sito ba?"

"In zauna gadin ƙusoshi, sa'o'ina suna sama? Ai sai su ɗaura mini zane."

"Kai kana son a ɗaga kai a kalle ka. Ni aikin da ake dawowa gida lafiya nake so."

"Amsarki ke nan?"

Ta tura ƙofar ɗakin majinyata.

"Abokin aikinka yana gadon ƙarshe. Shiga ka gaishe shi, in ka fito ka sake tambayata."

Dogo ya cire hularsa, ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa.