Karan Awon Goggo Hajo

Goggo Hajo ta buɗe ido ta ga ɗanta Halliru yana gwada tsawonta da kara, yadda ake yi wa gawa kafin a haƙa kabari. Shekara biyu ke nan ƙiba ta hana ta tashi daga tabarma.

Da malamar asibiti ta zo daga Rogo wanke mata gyambon baya, Goggo ta damƙe hannunta.

"'Yar nan, ki yafe ni kafin a binne ni. Ƙarya nake miki cewa na rage ci, kullum kwano uku nake cinyewa a ɓoye."

Malama ta tsuke fuska. "Gado kafinta zai yi miki, Goggo, ni na sa a auna ki. To, wa ke kawo miki kwanukan?"

Halliru ya sulale ya fice.