Ƙurar Ƙonni

Atika ta rasa waƙar mijinta, ta samu surukai. In ka tambaye ta, ba a taɓa cutarta a ciniki ba, har a wannan ɗin.

Waƙar ita ce "Ƙurar Ƙonni". Tun Atika tana goyon fari aka fitar da ita a kaset da sunan mijin nata, marigayi Halilu: kalangu biyu, gurmi, da murya mai kauri da ke shiga mutum ta ƙafa. Daga Illela har Tozai ba bikin da ake watsewa ba a sa ta ba. Tsofaffin da ke kukan gwiwa ma sai ka ga sun jingine sanda. Halilu bai taɓa rera ta a fili ba, in an gayyace shi kaset yake aikawa. Mutum ne marar magana, ko albasar gonarsa Atika ke yi wa ciniki.

Bana sai ga waƙar ta dawo a wayoyi. Wani mawaƙin Kano mai suna Bashar ne ya tono ta, ya zuba mata kiɗan inji. 'Yan kabu-kabu na sa ta, masu canji a bakin iyaka na sa ta, har mutanen Legas da ba su san "zo" da Hausa ba. Atika ta fara jin ta a wayar mahauci, ta fasa sayen naman. An cire gurmin. An matse muryar ta koma kamar akuyar da igiya ta shaƙe. Rawar da ake yi da ƙafa har ƙura ta tashi, 'yan mata sun mayar da ita ƙugu, suna murguɗe wa waya baki. Ranar ko tuwo bai wuce mata ba.

Ga shi an sa ranar autarta Radiyya da ɗan gidan malamai na Amarawa. Da ƙyar suka yarda. Babban malamin gidan cewa ya yi uba mawaƙi ne, amma ƙasa ta rufe shi. Abin dubawa uwa ce, ita kuwa ba a taɓa jin ta da abin kunya ba.

Ana cikin haka Bashar ya bugo waya.

"Salamu alaikum, Alhaji. Hajiya Atika nake nema."

"Ita ta. Mi kaka so?"

Ya ba da haƙuri, ya kashe. Bai sake kira ba, sai ganinsa aka yi a zaurenta, da wando yagagge a gwiwa da ƙanshin turare mai hawa kai.

Ya faɗi kuɗin haƙƙin waƙa, ta yi tsaki. Ya ninka, ta tambaye shi ko gawayi ya zo saye. Ya ce to a yi da sefa, ta ce ko da zinari ne, wanda ya cire gurmi daga waƙar nan bai san abin da ya tsinta ba.

"Na sani, Hajiya," ya ce a hankali. "Na saurari kaset ɗin har ya tsinke, kuma na ji ki a waya. Shi ya sa nake so duniya ta san mai waƙar, suna da hoto. Gidan talabijin ma na jira na."

Fuskarsa fal murna, shi a dole alheri ya kawo.

Atika ta dubi tabarmin da aka tara don 'yan biki. Daga cikin gida ana jin Radiyya tana dariya da ƙawayenta. Ta sa ɗan yatsa ta tura masa jakar kuɗin da ya zo da ita.

"Kwashe kuɗinka, ɗan nan. Ɗauki waƙa kyauta, ka ƙazanta ta yadda kaka so. Halilu da i'ina ba ta barinai ƙare sallama ya riƙe mini asiri har kabari. Farashina guda na: sunanshi ya zauna bisa waƙag ga har ka mutu, kada malaman Amarawa su taɓa jin cewa muryata ta."